Daga Zango Zuwa Bakin Iyaka: Korar Baƙi a Gana (1969) da Nijeriya (1983)

Gabatarwa

Kalmar "baƙo" tana cikin kalmomin Hausa masu ɗauke da kaya da yawa. Wanda ya sauka gidan wani don ya kwana biyu ya wuce, baƙo ne. Wanda ya shigo gari ba a san asalinsa ba, shi ma baƙo ne. Da Turawa suka shata iyakokin ƙasashe, sai masu fassarar takardun gwamnati suka ƙara wa kalmar wani nauyin, watau mutumin da doka ba ta ɗauke shi ɗan ƙasa ba. Hausawa kan ce, "Baƙo raɓa, ɗan gari kaba," abin nufi kuwa shi ne da hantsi ya dubi ludayi raɓa za ta bushe, kaba kuwa tana nan inda ta tsira. To amma a Afirka ta Yamma an sha samun raɓar da ta kwana, ta yini, ta yi saiwa, har ta yi 'ya'ya da jikoki. Wannan maƙala za ta dubi lokuta biyu da gwamnatoci suka yi yunƙurin kawar da irin waɗannan baƙi a cikin mako biyu: Gana a 1969 da Nijeriya a 1983. Abin da take son nunawa shi ne, a dukkan lokutan an bar ƙofar shiga a buɗe shekara da shekaru ba tare da lissafi ba, sa'an nan da tattalin arziki ya karye aka nemi gyara a ƙofar fita, gyaran kuwa bai taɓa cutar da ake kuka da ita ba.

Yadda aka tara baƙi a Gana

Zuwan Hausawa ƙasar da ake kira Gana a yau ya girmi ita kanta ƙasar. Tun ƙarni na 18 ayarin fatake ke tashi daga Kano da Katsina da sauran birane, su ratsa Borgu, su sauka Salaga ta ƙasar Gwanja da kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, su koma da goron da Tonawa, watau Asantawa, suke kawowa daga kurmi. Mahdi Adamu da Paul Lovejoy sun yi cikakken bayanin wannan ciniki a littattafansu na 1978 da 1980. Abubuwa biyu suka wargaza Salaga. Na farko, Ingilishi sun ci Kumasi da yaƙi a 1874, abin da ya karkatar da hanyar goro zuwa Kintampo. Na biyu kuma yaƙin basasar sarautar da ya ɓarke a Salaga a 1892. Daga nan 'yan kasuwa da malamai suka fantsama kudu, zuwa Kete Krachi da Kumasi da Ankara, wadda ita ce babban birnin ƙasar. Mashahurin malamin nan kuma marubucin waƙoƙi, Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano, yana cikin waɗanda suka koma Kete Krachi, a can kuma ya rasu a 1934. Ban da fatake akwai sojojin da Ingilishi suka ɗauko daga Ikko, waɗanda ake kira Hausawa ko da ba duka ne Hausawa ba, da yawansu kuwa da suka ajiye bindiga ba su koma gida ba.

Unguwannin da waɗannan mutane suka kafa su ake kira zango. Asalin ma'anar kalmar wurin da ayari ke yada kaya ya kwana ne, kashegari a ɗaura wa jakuna kaya a yi gaba. A Gana sai ta koma sunan unguwa mai masallacin Juma'a da makarantun allo da maƙabarta, wurin da ake haihuwa a tsufa a mutu. Wannan sauyin ma'ana shi kaɗai ya isa ya nuna wa mai nazarin harshe abin da ya faru da mutanen.

Amma ba goro ne ya cika Gana da baƙi ba, koko ne. Zuwa 1911 ƙasar ta zama kan gaba a duniya wajen nomansa, kuma gonar koko tana cin hannu fiye da abin da iyalin manomi za su iya. Ga kuma ma'adinan zinariya a Obuasi da Tarkwa, da lu'ulu'u a Akwatia, da aikin hanyar jirgin ƙasa da tashar jiragen ruwa ta Takoradi. Sai 'yan ƙodago suka yi ta kwararowa: Mosawa daga ƙasar da ake kira Burkina Faso yanzu, Zabarmawa da Hausawa daga Nijar, mutanen Togo, Yarbawa kuma suka shiga kasuwanni da ƙananan kantuna har cikin ƙauyuka. Waɗanda suka fito daga ƙasashen Faransa da yawansu gudun haraji da aikin tilas suka yi. A gonakin koko akwai tsarin da ake kira abusa, inda mai kula da gona yake ɗaukar kashi ɗaya cikin uku na amfanin da aka samu, kuma baƙi da mutanen arewacin ƙasar ne suka fi riƙe wannan aiki. Gwamnatin mulkin mallaka ba ta damu ta san ko su wane ne ba, muddin aiki yana tafiya. Ƙidayar 1960 ta nuna cewa cikin mutum kimanin miliyan 6.7 da ke ƙasar, wajen 827,000, watau kashi 12 cikin ɗari, 'yan asalin wasu ƙasashe ne, cikinsu kuwa 'yan asalin Nijeriya sun kai kimanin 190,000.

Kada a ɗauka cewa da yake gwamnati ba ta lissafi, to sakaka ake zaune. Zango yana da nasa tsarin kula da baƙo, tsarin kuwa tsoho ne. Falke ba ya shiga kasuwa gaba gaɗi. Sai ya sauka hannun mai gida, wanda zai ba shi masauki, ya ajiye masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan an ba da bashi ko an karɓa. Idan baƙo ya ci amana, mai gidansa ake nema. Bisa masu gida akwai sarkin kowace kabila, bisa su kuma akwai Sarkin Zango, wanda shi ke magana da sarkin gari da Bature. Polly Hill ta bayyana yadda wannan tsari yake aiki a kasuwar shanu ta Kumasi, Abner Cohen kuma ya nuna irinsa a Sabo ta Ibadan. Abin lura a nan shi ne, a wannan tsari baƙo ba ya rasa wanda ya san shi. Abin da ya rasa takarda ce, domin a lokacin da ya shigo babu wanda ya tambaye shi ita.

Daga Nkrumah zuwa Busia

Samun mulkin kai a 1957 ya kawo tambayar da ba a taɓa yi ba: wane ne ɗan Gana? Dokar zama ɗan ƙasa ba ta ɗauki haihuwa a ƙasar kaɗai a matsayin hujja ba, sai an dubi inda aka haifi iyaye. Mutanen zango suka ɗanɗana amsar tun a shekarar. A Agusta 1957 gwamnatin Kwame Nkrumah, duk da sunan da ya yi na mai kishin haɗa kan Afirka, ta kori manyan zangon Kumasi biyu, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, zuwa Nijeriya, saboda suna goyon bayan 'yan hamayya. Da suka kai ƙara kotu suna cewa su 'yan ƙasa ne, sai majalisa ta yi doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu, ta yanke shari'ar tun ba a gama ta ba. Tun daga nan ya bayyana cewa kalmar baƙo za ta iya zama makamin siyasa.

Bayan haka dokoki suka yi ta biyo juna. Dokar baƙi ta 1963 ta wajabta wa kowane baƙo ya mallaki takardar izinin zama, amma ba a aiwatar da ita a kan 'yan Afirka ba sai jefi-jefi. Farashin koko ya faɗi ƙasa warwas a 1965, sojoji suka hamɓarar da Nkrumah a Fabrairu 1966, suka gaji bashin waje mai nauyi, aka sallami dubban ma'aikata daga kamfanonin gwamnati. A 1968 gwamnatin soja ta keɓe wasu sana'o'i, ciki har da ƙananan kantuna da motocin haya, ga 'yan ƙasa kaɗai. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da jaridu suka matsa lamba cewa baƙi sun mamaye kasuwa, suna fasa-ƙwaurin lu'ulu'u da koko, suna fitar da kuɗi, kuma su ne suka cika gidajen yari. Ba duka zargin ne ƙarya ba. Fasa-ƙwauri kam ana yi, sai dai ba baƙi kaɗai ke yi ba, kuma abin da ke jawo shi shi ne hukumar sayen koko tana biyan manomi ƙasa da abin da zai samu idan ya tsallaka da buhunsa Togo ko Kwaddebuwa.

Ranar 18 ga Nuwamba 1969, 'yan makonni bayan Dr. Kofi Busia ya zama Firayim Minista, aka ba da umurni cewa duk baƙon da ba shi da izinin zama ya samo shi cikin kwana goma sha huɗu, ko ya bar ƙasar kafin 2 ga Disamba. A takarda, umurnin bai ƙirƙiro sabuwar doka ba, cewa kawai ya yi a bi ta 1963. A aikace kuwa abin da aka nema ba mai yiwuwa ba ne. Samun izini yana bukatar fasfo, fasfo yana bukatar ofishin jakadanci, ofisoshin jakadancin kuwa ba su da ma'aikatan da za su sallami dubun dubatar mutane cikin mako biyu. Nijeriya a lokacin tana tsakiyar yaƙin basasa. Mutane suka sayar da gidaje da kantuna da motoci a farashin wulaƙanci, wasu suka bar su hannun maƙwabta, aka yi cincirindo a tashoshin mota da bakin iyakar Aflao da tashar jiragen ruwa. Alkaluman waɗanda suka fita sun sha bamban, daga kimanin 200,000 har zuwa rabin miliyan, amma ƙidayar 1970 ta nuna baƙi sun ragu zuwa ƙasa da kashi 7 cikin ɗari.

Babban aibin umurnin shi ne ya yi wa mutane iri uku kuɗin goro. Akwai ɗan cin rani, wanda da ma yakan zo bayan kaka ya koma da faɗuwar damina. Wannan asararsa kaɗan ce. Akwai ɗan kasuwar da ya shekara ashirin ko talatin, dukiyarsa duka tana cikin gini da bashin da yake bin mutane. Wannan ya koma gida da tabarma da buta. Sa'an nan akwai haifaffen zango, wanda kakansa ne ya zo da ayari, bai taɓa ganin Kano ko Sakkwato ba, Hausarsa ma ta gauraya da kalmomin Tuwi. Shi wannan an ce ya koma inda bai fito ba. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a zangon Kumasi kafin korar da bayanta, ta nuna yadda waɗanda suka saura suka shiga zaman ɗar-ɗar, kowa yana neman hujjar da za ta danganta shi da wata kabila ta arewacin Gana.

Ta fuskar tattalin arziki, waɗanda suka ci riba su ne waɗanda suka gaji rumfunan kasuwa da kantunan da aka bari. Amma rumfa daban, jari da sanin hanya daban. Cinikin shanu da goro ya dogara ga amana tsakanin mutanen da suka san juna daga Kumasi har Nijar da Mali, kuma wannan ba abin da ake gada da mabuɗin shago ba ne. Manoman koko suka koka da rashin ma'aikata, domin matasan birni marasa aikin yi, waɗanda aka ce don su aka yi korar, ba su tafi kurmi sun ɗauki adda ba. Da yawa daga leburorin da suka fita Kwaddebuwa suka nufa, inda Houphouët-Boigny ya buɗe musu ƙofa, kafin ƙarshen shekarun 1970 kuwa ƙasar ta ƙwace wa Gana matsayin farko a noman koko. Ba daidai ba ne a ɗora wa korar dukkan wannan koma-baya. Tsufan itatuwa da cuta da ƙarancin farashi sun fi ta nauyi. Sai dai ƙasar da ta noma sama da tan 550,000 a kakar 1964/65 ta dawo ƙasa da tan 200,000 a 1983/84, rashin hannu kuwa yana cikin dalilan. Shi kansa Busia bai tsira ba: ya karya darajar kuɗin ƙasar a Disamba 1971, sojoji suka kifar da shi ranar 13 ga Janairu 1972.

Reshe ya juye

Shekarun 1970 sun juya akalar tafiya. Kuɗin man fetur ya cika Nijeriya, gine-gine suka tashi, shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya bukaci malamai fiye da waɗanda ake da su. Gana kuwa ta shiga ƙunci. Malaman makaranta da magina da teloli da masu gyaran takalma suka yi ta shigowa Ikko da sauran birane, fari kuma ya koro mutanen Nijar da Cadi zuwa arewa. An kafa ƙungiyar ECOWAS a Ikko a Mayu 1975, a 1979 kuma aka amince ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar ya shiga wata ya yi kwana 90 ba tare da biza ba. Yarjejeniyar ba ta ba da izinin aiki ba, amma babu wanda ya bi sawun kwanakin, masu ɗaukar ma'aikata kuwa sun ji daɗin hannu mai araha.

A nan ma siyasa ce ta fara gwada makamin. A Janairu 1980 aka ɗauki Alhaji Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Jihar Barno, aka tsallakar da shi Cadi da sunan ba ɗan Nijeriya ba ne, sai da kotu ta soke korar. Kamar da ke tsakanin wannan da abin da ya sami Amadu Baba ba ta bukatar dogon sharhi. A Disamba na shekarar rikicin Maitatsine ya ɓarke a Kano, aka rasa rayuka sama da 4,000. Da yake Muhammadu Marwa mutumin Kamaru ne, kuma an sami 'yan ƙasashen maƙwabta cikin mabiyansa, sai maganar baƙi ta koma maganar tsaro, ko da yake mafi yawan mabiyan 'yan ƙasa ne. Rikicin ya sake tashi a Bulumkutu a Oktoba 1982. A daidai wannan lokaci kasuwar mai ta faɗi, abin da ake haƙowa ya sauko daga sama da ganga miliyan 2 a rana zuwa kimanin miliyan 1.3, gwamnatin Shehu Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu, ga zaɓe yana tafe a Agusta 1983.

Ranar 17 ga Janairu 1983 Ministan Harkokin Cikin Gida, Alhaji Ali Baba, ya ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fita. Daga baya aka ƙara wa ƙwararrun ma'aikata wa'adi zuwa ƙarshen Fabrairu. An ƙiyasta waɗanda suka fita sun kai miliyan 2, kusan rabinsu 'yan Gana. Gwamnatin Rawlings ta rufe iyakokinta tun Satumba 1982, don haka jama'a suka maƙale a Binin da Togo kwana da kwanaki kafin a buɗe Aflao, wasu suka mutu a hanya. Sun kuma koma ƙasar da fari da gobarar daji suka cinye amfanin gonarta a wannan shekarar. Jakar leda mai zane-zanen nan da suka zuba kayansu a ciki ita ce har yau ake kira Gana-mas-go a kasuwannin ƙasar Hausa, mafi yawan masu sayenta kuwa ba su san mafarin sunan ba.

Mutane da yawa sun fassara wannan da ramuwar gayya. Fassarar tana da daɗin faɗi, amma ba ta bayyana dalilin da ya sa korar ta haɗa da mutanen Nijar da Cadi da Kamaru ba. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne yanayi iri ɗaya ya haifi mataki iri ɗaya, kamar yadda ya faru a Kwaddebuwa a 1958, lokacin da aka far wa 'yan Dahome da Togo, da kuma Nijar a ƙarshen 1963, lokacin da ta sallami ma'aikata 'yan Dahome. Sakamakon ma bai bambanta ba. Makarantu suka rasa malamai, kamfanonin gini suka rasa magina, rashin aikin yi bai ragu ba domin tushensa farashin mai ne, sojoji kuma suka karɓe mulki ranar 31 ga Disamba 1983. Hujja mafi ƙarfi a kan rashin amfanin matakin ita ce, da yawa daga waɗanda aka kora sun dawo ta hanyoyin da suka fita, har gwamnatin Janar Buhari ta sake yin wata korar a Mayu 1985.

Batun ƙayyadewa

Babu mai musun cewa ƙasa tana da haƙƙin sanin wanda ke cikinta, da ƙayyade sana'ar da baƙo zai yi. Gardamar tana kan lokaci da hanya. Iyakar Nijeriya da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, ta raba Katsina da Maraɗi, ta raba Daura da Damagaram, mutanen da harshensu da addininsu da aurensu ɗaya ne. Irin wannan iyaka ba a tsare ta da shinge, kuma rufe ta da aka yi daga 1984 zuwa 1986, da kuma daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, ya fi tsadar da kaya a kan hana mutane wucewa. Abin da ya rage shi ne rajista a lokacin shiga, mai sauƙi kuma mai araha yadda ɗan cin rani ba zai ga ribar kauce mata ba. Da rajistar haihuwa, wadda rashinta ne ya bar haifaffen zango ba shi da abin nunawa a 1969. Da ɗora alhaki a kan mai ɗaukar ma'aikaci, wanda a korar biyun nan ya ci moriyar baƙo ya kuma tsira ba a tambaye shi komai ba. Wannan na ƙarshe ba baƙon tunani ba ne ga Bahaushe, domin shi ne ainihin matsayin mai gida: wanda ya saukar da baƙo shi ke amsa tambaya a kansa. Sarakunan zango da masu unguwanni sun san mutanensu gida-gida, amma babu gwamnatin da ta nemi ta mai da wannan sani ya zama takardar da hukuma za ta karɓa.

Maganar ba ta mutu ba. Dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta sake keɓe cinikin kasuwa na sari-ka-sayar ga 'yan ƙasa, a 2019 da 2020 kuma aka rufe shagunan 'yan Nijeriya da dama a Kumasi da Ankara, har sai da shugabannin majalisun ƙasashen biyu suka zauna. A Janairu 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS, watau ƙasashen da suka fi kowa tura 'yan ƙodago kudu suka fita daga inuwar yarjejeniyar 1979. A ranar ficewar, ƙungiyar ta umurci sauran ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanen ƙasashen uku, su kuma bar su su shiga su zauna kamar da, har zuwa lokacin da za a yi wata sanarwa.